Kwalejin Katsina: Abin da Ta Gina da Abin da Ta Bari

Duk baƙon da ya sauka Katsina ya tambayi tsohuwar Kwaleji, ba zai sha wuyar samunta ba. Ginin ƙasa ne irin na da, mai kaurin bango, yanzu kuwa an mai da shi gidan ajiye kayan tarihi. Baƙo ya kan yi mamaki in aka gaya masa a cikin ɗakunan nan ne aka koyar da Firimiyan Jihar Arewa, da Firayim Ministan Nijeriya, da ɗan ƙasa na farko da ya zama Gwamnan Arewa, da editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo na farko.

Makarantar ta yi ƙaura sau biyu. Cikin 1938 aka ɗauke ta daga Katsina aka kai ta Kaduna, cikin 1949 kuma aka mai da ta Zariya, inda ta ke har yanzu. Tun 1971 a ke kiranta Kwalejin Barewa, cikin 2021 kuwa ta cika shekara 100. Mutum biyar daga cikin waɗanda suka riƙe ragamar mulkin Nijeriya sun zauna a ajinta, watau Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Janar Yakubu Gowon, da Janar Murtala Muhammed, da Alhaji Shehu Shagari, da Alhaji Umaru Musa 'Yar'aduwa. Saboda haka ne tsofaffin 'yan makarantar su kan ce ita ce ta gina ƙasa. Irin wannan yabo daɗaɗɗe ne, don ko Sardaunan Sakkwato, Alhaji Ahmadu Bello, ya yabi makarantar ƙwarai cikin littafin tarihin rayuwarsa da aka buga da Turanci cikin 1962.

Maganar tana da daɗin ji, kuma akwai gaskiya a cikinta. Amma ya kamata mai neman ilmi ya auna ta kafin ya karɓa. Tambayar da za a yi ita ce, wace ƙasa ce makarantar ta gina? Amsar wannan tambaya za ta nuna iyakar abin da makarantar sakandare za ta iya yi wajen haɗa kan jama'a, da abin da ya fi ƙarfinta.

Asalin Makarantar

Sa'ad da Turawan Ingila suka ci ƙasashen Arewa, daga 1900 zuwa 1903, sun tarad da makarantun allo da na ilmi ko'ina cikin biranen Musulmi. Gwamna Lugga ya yi wa Sarakuna alkawari ba za a taɓa addininsu ba, saboda haka aka taƙaita shigar 'yan mishan cikin ƙasashen Sarakunan Musulmi. A Kudu kuwa 'yan mishan ne suka kawo boko, kuma sun daɗe da somawa. Tun 1859 aka buɗe makarantar sakandare ta mishan a Ikko, cikin 1909 kuma Gwamnati ta buɗe tata, wadda a ke kira Kwalejin Sarki. A cikin wannan shekara ta 1909 ne wani Bature, Hanns Vischer, wanda Hausawa suka sa wa suna Ɗan Hausa, ya soma koya wa 'yan yara karatun boko a Nasarawa ta Kano. Watau ran da Kudu ta shekara hamsin da sakandare, ran nan Arewa ta ke koyon baƙi da wasali na boko.

Bayan wannan aka buɗe makarantu a manyan garuruwan larduna, sai aka rasa malamai. Turawan mulki ba su so a ɗauko malamai daga Kudu, don suna tsoron kada su zo da ra'ayoyin da za su rage wa Sarakuna kwarjini. To, wannan buƙata ce ta haifi Kwalejin Katsina. 'Yan makaranta sun soma karatu cikin 1921, Gwamna Sir Hugh Clifford kuma ya zo ya buɗe ta ran 5 ga Maris, 1922, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko.

Jawabin da Gwamna ya yi ran nan ya bayyana nufin Gwamnati sarai. Makaranta ce ta Musulmi, don horad da samarin da za su koma garuruwansu su koyar, ba karatun littafi kaɗai ba, har da ladabi da kyawun hali irin na Musulmi nagari. Ya faɗi dalilan zaɓen Katsina guda biyu. Na farko, gari ne da ya yi suna da ilmi tun zamanin da. Na biyu, yana nesa da hanyar jirgin ƙasa da biranen ciniki, saboda haka yara za su sami natsuwa. Wanda ya lura da dalili na biyu zai gane an gina makarantar ne don a keɓe samarin Arewa daga hayaniyar Kudu.

Akwai kuma wani abu da masu yabo ba su cika tunawa ba. Cikin Disamba 1920, watau kafin buɗe makarantar da shekara guda da 'yan watanni, wannan Gwamna ya tsaya gaban majalisarsa ya yi wa 'yan bokon Afirka ta Yamma ba'a, ya nuna a ganinsa babu wata al'umma guda da za a kira ta Nijeriya, sai ƙabilu da masarautu dabam dabam. Mutumin da ya buɗe ƙofar Kwalejin bai gaskata akwai ƙasar da a ke cewa Kwalejin ta gina ba.

Abin da Ta Gina

Duk da haka makarantar ta yi wani babban aiki wanda masu kafa ta ba su nufa ba. Yaro ya kan taso daga Sakkwato ko Barno ko Bida, ya yi kwana da kwanaki a hanya, sa'an nan ya zauna shekara biyar tare da yaran da bai taɓa jin harshensu ba. Ahmadu Bello ya shiga cikin 1926 ya fita cikin 1931, shi kuwa daga zuriyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ke. Ya tarad da Kashim Ibrahim, Babarbare daga Barno. Aliyu, wanda ya zama Makaman Bida, Banufe ne. Abubakar Imam ya zo daga Kagara. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zo daga ƙasar Bauci cikin 1928, ubansa kuwa ba basarake ba ne, baran hakimi ne.

Shekara ɗari kafin wannan, Sakkwato da Barno abokan gaba ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Shehu Laminu na Barno sun yi ta jayayya a takarda, mutanensu kuma sun gwabza a fagen fama. Ga shi a Katsina mutanen Sakkwato da na Barno suna cin tuwo ƙwarya ɗaya, suna salla sahu ɗaya, suna wasan kurket da wasan nan na buga ƙwallo a bango da tafin hannu, wanda Sardauna bai daina ba har ya zama Firimiya. Da can mutum ya kan ce shi Bakano ne, ko Bakatsine, ko Bazazzagi. Samarin da suka fita daga Kwaleji su ne na farko da suka saba kallon ƙasar duka daga Ilorin har Barno kamar gida ɗaya, su ne kuma suka sa sunan ɗan Arewa ya yi nauyi.

Da suka gama, kowa ya koma lardinsa ya kama koyarwa a Midil, watau makarantar da ke tsakanin elementare da Kwaleji, waɗansu kuma suka shiga aikin En'e, watau hukumar Sarki. Amma zumunci bai yanke ba. Cikin 1939 suka kafa ƙungiyar tsofaffin 'yan Kwaleji, ko da ya ke ba ta yi tsawon rai ba, don Sarakuna ba su sake da ita ba. Sa'ad da zamanin siyasa ya zo, aka mai da Jam'iyyar Mutanen Arewa jam'iyyar siyasa cikin 1951, ba a sha wuyar neman shugabanni ba, don sun riga sun san juna tun suna samari. Sardauna ya zama Firimiya cikin 1954, Makaman Bida ya riƙe kuɗi, Alhaji Isa Kaita ya riƙe ilmi, Tafawa Ɓalewa ya zama Firayim Minista cikin 1957, Sir Kashim Ibrahim ya zama Gwamna cikin 1962. Taken jam'iyyar shi ne Arewa ɗaya, jama'a ɗaya. Ana iya cewa a ɗakin kwana na Kwaleji aka fara gwada wannan take kafin a rubuta shi.

Mai koyon Hausa ma yana da bashin makarantar nan a wuyansa. An matsa wa yara ƙwarai wajen Turanci, har Tafawa Ɓalewa ya yi suna da daɗin lafazi a majalisun duniya. Amma abin mamaki, mutanen da aka horar da Turanci su ne suka kafa harsashin rubutun Hausa na boko. Cikin 1933 Dokta Rupert East na ofishin fassara a Zariya ya shirya gasar rubuta littattafan hira. Cikin biyar ɗin da aka buga akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa, dukansu 'yan Kwaleji, da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, wanda ya ke malami ne a Kwalejin. Daga baya Imam ya rubuta Magana Jari Ce, ya kuma zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka soma bugawa cikin Janairu 1939. Jaridar ta shiga kowane lardi, ta sa Banufe da Babarbare da Bafulatanin Adamawa suna karanta labari ɗaya da harshe ɗaya. Wannan aiki kaɗai ya isa a gode wa makarantar.

Abin da Ta Bari

To, amma in an faɗi alheri sai a faɗi kasawa. Kasawar farko ita ce ƙarancin waɗanda aka ɗauka. Kowane yaro yana da lambarsa ta shiga. Lambar Tafawa Ɓalewa 145 ce, shi kuwa ya shiga ne shekara bakwai bayan somawa. Watau wajen yara ashirin ke nan a shekara, don ƙasar da ta fi rabin Nijeriya faɗi da yawan jama'a. Cikin 1947 makarantun sakandare uku ne kurum a Arewa, da yara 251, alhali Kudu tana da 43, da yara 9,657. Cikin 1957 Arewa ta kai 18, da yara 3,643, Kudu kuwa ta kai 176, da yara 28,208. Ba da yara ashirin a shekara a ke samun likitoci da injiniyoyi da akawuna da za su riƙe ƙasa ba. An kuwa tsara karatun ne tun farko don malanta da aikin En'e. Dokta Barau Dikko, likitan farko ɗan Arewa, ba ta Katsina ya bi ba, ta makarantar mishan ta Wusasa da Kwalejin Sarki ta Ikko ya bi.

Kasawa ta biyu ta fi ta farko ciwo. Yaron Kwalejin Katsina ya san Barno da Bida, amma bai san Ibadan ko Onica ba, sai a taswira. Bai taɓa zama aji ɗaya da Bayarabe na Kudu ko Ibo ba. Sa'ad da suka sadu, sun sadu ne suna manya, kowa da jam'iyyarsa, kowa da tsoronsa. Cikin 1943 aka gayyaci editocin jaridun Afirka ta Yamma zuwa Ingila, Dokta Azikiwe ya shirya takardar neman mulkin kai, Abubakar Imam ya ƙi sa hannu, don a ganinsa Arewa ba ta shirya ba. Cikin Maris 1953 Anthony Enahoro ya kawo batu a Majalisar Wakilai a Ikko, a ba Nijeriya mulkin kai cikin 1956. Sardauna ya nemi a cire shekarar, a bari sai lokacin da abin zai yiwu. Mutanen Ikko suka yi wa wakilan Arewa ature da baƙaƙen maganganu, bayan wata biyu kuma aka yi tarzoma a Kano, aka yi hasarar rayuka.

Ba rashin son 'yanci ya sa wakilan Arewa suka ja da baya ba. Lissafi suka yi. Sun san in Bature ya tashi ran nan, kujerar da ya bari mutumin Kudu zai hau, don su ba su da isassun masu takardar shaida. Ashe ƙarancin makarantun sakandare ne ya zama ƙaya a ƙafar ƙasa duka, ya sa rabi yana sauri rabi yana ɗingishi, kowane rabi kuma yana zargin ɗan'uwansa.

Kasawa ta uku ta shafi mata. Ba mace ko ɗaya da ta shiga Kwalejin. Sai cikin 1956 Gwamnatin Arewa ta buɗe wa 'yan mata sakandare a Ilorin, watau bayan ta maza da shekara talatin da biyar. Al'ummar da aka gina a Katsina ta maza ce zalla, uwayen 'ya'ya kuwa aka bar su a baya.

Kasawa ta huɗu ta shafi mutanen Arewa waɗanda ba Musulmi ba. Tun da ya ke don Musulmi aka kafa makarantar, da farko ba su da rabo a ciki. Yaran ƙasar Filato da Binuwai da kudancin Zariya sai suka bi ta makarantun mishan, irin na Gindiri, suka taso da nasu zumunci da nasu tunani. Da yawa daga cikin waɗanda suka nemi a yanke musu jiha tasu daga Arewa cikin shekarun 1950 'yan waɗannan makarantu ne. Arewa ɗayan nan ma ashe ba ta game kowa ba.

Sai dai adalci ya wajaba. Laifin waɗannan kasawa na masu kafawa ne, ba na yaran da aka ɗauka ba. Su kuwa da mulki ya zo hannunsu sun san inda ke yi musu ciwo. Sun buɗe makarantun sakandare a larduna, sun aika da samari Ingila karatu, sun kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya cikin 1962. Amma abin da aka yi sakaci da shi shekara arba'in ba ya gyaruwa cikin shekara goma.

Makaranta Ɗaya, Ra'ayi Dabam

Masu yabo su kan yi magana kamar duk wanda ya sha ruwan makarantar ra'ayinsa ɗaya ne. Ba haka ba ne. Malam Sa'adu Zungur ɗan Kwalejin Katsina ne, shi ne kuma ɗan Arewa na farko da ya shiga babbar Kwaleji ta Yaba a Ikko. Da ya komo ya zama mai sukar mulkin En'e da waƙa da jawabi, har ya yi sakataren jam'iyyar Dokta Azikiwe. Malam Aminu Kano ya yi karatu a makarantar lokacin tana Kaduna, ya fita cikin 1942, ya kuma zama shugaban jam'iyyar NEPU mai neman 'yancin talakawa, babbar abokiyar hamayyar jam'iyyar Sardauna. Ko Tafawa Ɓalewa, mai sanyin hali, shi ne ya tashi a Majalisar Arewa cikin 1950 ya nemi a gyara mulkin En'e a gaban idon Sarakuna. Turawa sun so su sami malamai masu ladabi, sai ga shi sun koya wa yara yin tambaya. Yana da kyau a lura cewa Sa'adu Zungur, wanda ya zauna aji da 'yan Kudu yana saurayi, shi ne ya fi saurin haɗa kai da su a siyasa.

Zancen soja ma haka ne. Yakubu Gowon Kirista ne, ɗan ƙabilar Angas, ya girma a Wusasa, ya shiga makarantar bayan an buɗe ƙofarta ga kowa a Zariya. Murtala Muhammed Bakano ne, ya biyo bayansa da 'yan shekaru. Ran 15 ga Janairu, 1966, aka kashe Sardauna da Firayim Minista da Birgediya Zakariya Maimalari, dukansu 'yan makarantar. Gowon da Murtala suka yi yaƙin basasa gefe ɗaya daga 1967 zuwa 1970 don kada ƙasa ta rabu. Amma ran 29 ga Yuli, 1975, Gowon yana taro a Kampala, soja suka tuɓe shi suka naɗa Murtala. Zumuncin makaranta bai hana wannan ba.

In aka ƙetare iyaka zuwa Nijar za a ga irin wannan. Faransawa sun bi wata hanya dabam da ta Ingilishi. Sun kafa makaranta ɗaya a Senegal, mai suna William Ponty, suna tara zaɓaɓɓun yara daga dukan ƙasashensu na Afirka ta Yamma. Can Bubu Hama ya yi karatu, da Jori Hamani, shugaban Nijar na farko, da Jibo Bakari, shugaban jam'iyyar Sawaba. Can kuma Hufuwe Bwanyi na Kwaddebuwa da Modibo Keita na Mali suka yi. Makarantar ta sa sun san juna, suna magana da harshe ɗaya. Amma da mulkin kai ya zo, tarayyar ƙasashen ta watse, kowa ya kama tasa cikin 1960. A cikin Nijar kuwa Jori da Jibo suka zama abokan gaba, aka haramta Sawaba cikin 1959. Makaranta ta kan haɗa sani, amma in maslaha ta rarrabu, sani kaɗai ba ya riƙe ƙasa.

Makarantun Haɗa Kai

Tafawa Ɓalewa ya ga illar keɓewa da idonsa. Gwamnatinsa ce ta shirya kafa makarantun sakandare na Tarayya, waɗanda za su tara yara daga kowace jiha. Uku na farko sun soma aiki cikin 1966, a Sakkwato da Warri da Okposi, shekarar da aka kashe shi. Bayan yaƙin basasa Gowon ya faɗaɗa shirin. Daga 1973 aka yi ta buɗe su cikin jihohi goma sha biyu na wancan lokaci, aka kuma yi na 'yan mata. A wannan shekara aka kafa aikin bautar ƙasa, wanda ke tura mai digiri wata jiha ba tasa ba. A hankali makarantun suka kai 104, daga baya aka ƙara waɗansu.

Tsarinsu shi ne na Katsina, sai dai an faɗaɗa ƙofa. Yaro ya kan ci jarrabawar shiga ta ƙasa duka, a ba kowace jiha rabonta na gurabe, a cakuɗa yara a ɗakunan kwana, Bahaushe kusa da Ibo, Batibi kusa da Bayarabe. Ba shakka an ga amfanin wannan. Akwai mutane da yawa da suka fita daga makarantun nan da aminai na wata ƙabila da wani addini, waɗansu har da auratayya. Abin lura, tsofaffin 'yan Kwaleji biyu ne suka gyara kuskuren da aka yi wajen kafa makarantarsu.

Amma tsohon ciwo bai warke ba. Makarantu ɗari da 'yan kai ba su isa kome ba cikin ƙasar da jama'arta ta wuce miliyan 200. Makin da a ke nema ga yaron wata jiha ya kan ninka wanda a ke nema ga na wata, abin da ke jawo gunaguni a Kudu kowace shekara, yana kuma nuna tazarar nan ta 1947 ba ta rufe ba. Da kuɗin gyara ya yi ƙaranci, masu hali suka kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kuɗi, inda abin da ke haɗa yara shi ne arzikin iyaye. Sa'an nan ga rashin zaman lafiya. Cikin Fabrairu 2014 'yan Boko Haram suka shiga makarantar Tarayya ta Buni Yadi a Jihar Yobe da dare, suka kashe yara maza masu yawa a ɗakunan kwanansu. Cikin Yuni 2021 'yan bindiga suka sace yara da malamai a ta Birnin Yawuri cikin Jihar Kabi. Uban da ya ji wannan, da wace zuciya zai sa ɗansa mai shekara goma sha ɗaya a mota ya aika da shi wata jiha mai nisa? In kuwa kowa ya tsare ɗansa kusa da gida, sunan haɗa kai ya rage a allon bakin ƙofa kaɗai.

Hukunci

In an tara waɗannan duka, hukuncin da ya dace shi ne, masu yabo sun faɗi rabin gaskiya. Kwalejin Katsina ta gina wani abu mai ƙarfi, amma Arewa ta gina, ba Nijeriya ba, Arewar ma ta maza Musulmi 'yan kaɗan. Ba don malamanta sun kasa ba ne. Sun yi aikinsu da kyau ƙwarai, shi ya sa yara ashirin a shekara suka iya riƙe gwamnati. Dalili shi ne makaranta ba ta haɗa kan kowa sai wanda ta tara. Iyakar faɗin ƙofarta, iyakar faɗin ƙasar da za ta gina a zukatan yara.

Shekarun sakandare su ne lokacin da yaro ke barin gindin uwa bai kuwa riga ya ƙage ba, icce kuwa tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Wanda ya ci abinci tare da shi a wannan lokaci, da wuya ya yarda in an ce masa dodo ne. Wannan shi ne ƙarfin makarantar sakandare, ba kuwa ƙaramin ƙarfi ba ne. Amma labarin Gowon da Murtala, da na Jori da Jibo, da na Buni Yadi, sun nuna makaranta tana buƙatar abin da ba ita ke yin sa ba, watau adalci wajen rabon arziki da mulki, da hanya mai aminci da yaro zai bi ya je ya komo.

Tsohon ginin yana nan a Katsina, masu ziyara suna shiga suna duba hotunan magabata. Ya kamata mai duban hotunan ya tuna da waɗanda ke ciki, ya gode musu, sa'an nan ya tuna da dubban yara maza da mata na zamaninsu waɗanda ba a ba su lamba ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya ba na baya ikon ƙarasa abin da suka bari.